Ƙafar Jirgin Ƙasa Da Ta Jirgin Wasa: Inda Awo Ke Yarda Da Ha'inci Da Inda Ba Ya Yarda

Duk wanda ya tashi a zango, a Nima ne ko Aboabo ko Sabon Zango, ya san motar gwangwani. Yaro zai samo gwangwanin madara ya tsaga shi ya miƙar, ya lanƙwasa shi ya fitar da kan mota da bodi, sannan ya yanko ƙafafu huɗu daga tsohon silifas ya soke su da waya, ya ɗaura igiya ya ja. Babu mai tambayarsa ko girman ƙafar ya dace da jikin motar. Matuƙar dai tana gangarawa, to magana ta ƙare.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan ma akwai irin wannan wasa, sai dai su manya ne ke yin sa, wasu har da furfura, kuma jirgin ƙasa suke ƙerawa. Mutum zai ware ɗaki guda a gidansa ya kafa tebur, ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo da tasha da gada da tsauni, ya saki jirgin da bai fi tsawon yatsa biyu ba yana zagayawa da wutar lantarki. Abin ba na yau ba ne. Kamfanin Märklin na Jamus tun a 1891 ya fito da jiragen wasa masu layi a kan tsayayyen awo. A birnin Hamburg akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda layin wasan da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15, kuma mutane sama da miliyan guda ke biyan kuɗi su shiga kallo a shekara. A Amurka kuwa masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1935, kuma babban abin da ya haɗa su shi ne tsayar da awon ƙafa da na layi, domin jirgin wani ya iya hawa layin wani.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da wasan dattawan Turai. Dalili shi ne, tun daga watan Nuwamba na 2024 ƙasarmu Gana ta zama mai layin dogo iri biyu waɗanda jirgin ɗaya ba ya iya hawa ɗayan, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin da hakan ke nufi ita ce a ɗora jirgin gaskiya da na wasa gefe da gefe a dubi ƙafafunsu.

Kafin mu yi nisa bari mu kawar da wani ruɗani. Bahaushe na kiran abin da jirgi ke gangarawa a kansa ƙafa, haka kuma awon inci 12 ma ƙafa yake ce masa. Saboda haka duk inda aka ce ƙafa a wannan rubutu ta jirgi ake nufi, awo kuma za mu yi shi da inci da milimita.

Ƙafar jirgin gaskiya

Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce zalla, ba taya ba iska. Ana matse guda biyu a jikin wata ƙatuwar sandar ƙarfe, wadda makanikai ke kira aksil, ta yadda ta dama ba ta iya juyawa ba tare da ta hagu ba. Kowace tana da leɓe ta ciki wanda ya zarce fuskar ƙafar da kimanin milimita 28, wato inci guda da ɗan ɗoriya. Mafi yawan mutane suna zaton wannan leɓe ne ke riƙe jirgi a kan dogo. Ba haka abin yake ba. Leɓen mai gadi ne na ƙarshe, sai abu ya ƙi ci ake jin ƙararsa yana gurzar dogo a kwana mai tsanani.

Abin da ke sarrafa jirgi shi ne siffar fuskar ƙafar. Ba a miƙe take ba, an ɗan zaftare ta, gefen ciki ya fi na waje faɗi, galibi da gangaren kashi 1 cikin 20. Ka kwantar da bokiti a ƙasa ka tura shi, za ka ga ba ya tafiya a miƙe, kwana yake yi zuwa ɓangaren gindinsa, saboda bakinsa ya fi faɗi. To ƙafafun jirgi tamkar bokiti biyu ne da aka haɗa baki da baki. Idan aka iso kwana, sai su ɗan zame zuwa waje, ta wajen ta hau kan faffaɗan gefenta ta ci ƙasa da yawa, ta cikin ta koma kan siririn gefenta ta ci kaɗan, jirgi ya sha kwana da kansa ba tare da sitiyari ba. Shi ya sa ƙafafu biyun da ke kan aksil ɗaya dole girmansu ya zo daidai, domin in ɗaya ta fi ɗaya ko da kaɗan ne, tarago zai yi ta jan gefe yana cin leɓe har a miƙaƙƙiyar hanya.

Girman ƙafa kuma ba don ado ake zaɓarsa ba, aiki ne ke yanke shi. A Amurka taragon kaya mai ɗaukar tan 70 yana tafiya a kan ƙafa mai faɗin inci 33, mai ɗaukar tan 100 inci 36, mai tan 125 kuma inci 38. Dalili shi ne, wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai wuce girman farcen babban yatsa ba, kuma taragon da ya cika maƙil ya kai tan 130 a kan ƙafa takwas, kowace ke nan tana ɗauke da sama da tan 16 a kan wannan ɗan wuri. Idan ƙafar ta ƙara girma, wurin taɓawar na ƙaruwa, ƙarfen ya samu sauƙi. Amma taragun da ke ɗaukar motoci hawa uku sukan sauko zuwa inci 28, domin a rage tsayinsu su iya wucewa ta ƙarƙashin gada. A Turai ƙafar da aka fi sabawa da ita milimita 920 ce, kusan daidai da inci 36 na Amurka, sai dai akwai taragun da ke ɗaukar tirela sukutum da kanta su tsallake tsaunukan Siwizalan da Ostiriya, waɗanda ƙafafunsu ba su kai milimita 400 ba. Irin waɗannan ƙananan ƙafafu suna juyawa fiye da ninki biyu na manyan kafin su ci tafiya guda, saboda haka suna saurin zafi da saurin cinyewa, kuma kula da su akwai tsada.

Inda girman ƙafa ya fi bayyana shi ne a zamanin jirgin gawayi, irin wanda kakanninmu suka hau daga Sekondi zuwa Kumasi. Kan jirgin gawayi ba shi da giya. Tururi ke tura fistin, fistin ya tura wani dogon hannu na ƙarfe, hannun ya juya ƙafa kai tsaye. Ƙafar ita ce giyar. Babba tana ba da gudu amma ba ta da ƙarfin ja, ƙarama tana jan kaya ta hau tudu amma ba ta da sauri. Wani kan jirgi na Ingila mai suna Mallard, wanda ya yi gudun kilomita 203 a awa a ranar 3 ga Yuli 1938, gudun da har yau babu jirgin tururin da ya karya, ƙafafunsa inci 80 ne, wato sun fi dogon namiji tsayi. Juyi ɗaya yana cin mita 6 da ɗoriya, kuma a wannan gudu suna juyawa kusan sau 9 a daƙiƙa guda. Tun kafin shi, a 1870, an ƙera wani a Ingila mai ƙafa inci 97. Shi kuwa ƙaton nan na Amurka da ake kira Big Boy, wanda aka fara ƙerawa a 1941 domin jan kaya a tsaunuka, duk girmansa ƙafafunsa inci 68 ne kawai, amma guda 16 ne ke ja. Da dizal da lantarki suka zo, aka saka giya tsakanin injin da aksil, sai buƙatar manyan ƙafafu ta kau. Kan jirgin dizal na yau yawanci inci 40 zuwa 42 ne, mai gudu ne ko mai jan kaya.

Idan aka mayar da shi kan tebur

Masu jirgin wasa suna da ma'aunai, kowane da harafin da ake kiransa da shi. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake raba kowane awo na gaskiya gida 87. Akwai N mai rabon 160, akwai kuma Z da Märklin ya fito da shi a 1972 mai rabon 220, wanda kan jirginsa zai iya shiga kwalin ashana.

Lissafin mai sauƙi ne, duk wanda ya gama ƙaramar sakandare zai iya. Ƙafa mai inci 33 milimita 838 ce. Raba ta gida 87, ka samu milimita 9.6. Mai inci 36 kuma ta ba ka 10.5. Bambancin da ke tsakaninsu bai cika milimita ɗaya ba, amma a kan wannan ɗan abu manyan mutane ke ɓata dare suna gardama. Kuma suna da hujja. In ka saka wa taragon da aka yi domin ƙaramar ƙafa babbar, zai ɗago da kusan rabin milimita, maƙalar da ke haɗa shi da na bayansa ta daina yin daidai, ka ga jirgi ya rabu biyu a kan gada. A ma'aunin N kuwa ƙafafun nan biyu milimita 5.2 ne da 5.7. Faɗin layi ma haka ake yi: tazarar da ke tsakanin dogo biyu a mafi yawan duniya milimita 1,435 ce, in an raba gida 87 ta zama 16.5.

Zuwa nan awo na faɗin gaskiya. Daga leɓe ha'inci ke farawa.

In da za a bi lissafi, leɓen ƙafar HO bai kamata ya wuce sulusin milimita ba, kaurin farcen jariri ke nan. Amma abin da ƙungiyar Amurka ta amince da shi ya kai milimita 0.64, ninki biyu, ƙa'idar Turai kuwa ta ba da dama har zuwa 1.2. In aka ninka wannan na Turai sau 87 aka mayar da shi jirgin gaskiya, zai zama leɓe mai zurfin santimita 10, wanda zai riƙa dukan ƙusoshin da ke riƙe dogo. Tsoffin jiragen wasa na shekarun 1950 da 1960 leɓensu ya fi haka muni, kamar faifan yankan ƙarfe. Kaurin ƙafar ma haka ne. Ta gaskiya kimanin milimita 140 ce, wadda ya kamata ta dawo 1.6, amma wadda ake sayarwa a kanti 2.8 ce.

Me ya sa suke wannan ƙari? Saboda tebur ba ƙasa ba ne. Kwanar da aka fi sayarwa a kwalin jirgin HO, in an auna daga tsakiyar da'irarta zuwa layi inci 18 ne, wanda a zahiri bai wuce mita 40 ba. Babu babban jirgin da zai sha irin wannan kwana, domin kwanar babbar hanya ɗaruruwan mita ce. A irin wannan matsi dabarar bokiti ba ta wadatarwa, leɓe ne ke yin dukan aikin. Ga shi yawancin taragun wasa ba su da sifirin, sannan in katakon tebur ya kumbura da milimita ɗaya, tamkar dogo ne ya ɗaga da santimita 9. Saboda haka ko dai ka ƙara wa leɓe zurfi jirginka ya yi tafiya, ko ka bi gaskiyar awo ka wuni kana tsince shi daga ƙasa. Akwai 'yan tsiraru masu taurin kai da suka zaɓi gaskiyar, amma su sai sun shimfiɗa layinsu da hannu, sun yi kwana mai faɗi, sun saka wa kowace ƙafa sifirin.

Ingilishi, waɗanda suka ƙirƙiro jirgin ƙasa, su suka fi kowa tafka wannan ha'inci. Jiragensu na gaskiya sun fi na Amurka da Jamus ƙanƙanta saboda ramuka da gadojinsu tsoffi ne matsattsu. A shekarun 1920 da 1930 injin lantarkin da ake da shi ya ƙi shiga cikin jikin jirginsu in an raba shi gida 87. Sai suka ƙara wa jikin girma, suka raba gida 76, amma suka bar layin a kan milimita 16.5. Wannan shi ne ma'aunin OO, wanda kamfanin Hornby ya yaɗa daga 1938, kuma har gobe shi ne kan gaba a Ingila. In ka ninka 16.5 sau 76 da ɗan ɗoriyarsa za ka samu milimita 1,257, wato layin ya gaza na gaskiya da inci 7. Kusan shekara ɗari ke nan jiragen wasan Ingila suna tafiya da ƙafafu a tsuke kamar wanda ya sa zani ya matse. Waɗanda abin ya dama sun ɓalle sun yi nasu layin mai milimita 18.2, wasu suka ce wannan ma bai isa ba suka yi 18.83. Japanawa ma haka suke, jiragen wasansu na N ana raba su gida 150 a kan layin milimita 9, alhali layin da galibin jiragensu na gaskiya ke bi irin namu ne siriri.

Akwai wani bambanci da ya ba ni sha'awa. A jirgin wasa, dogo biyun nan su ne wayoyin wuta, ɗaya na kawowa ɗaya na mayarwa, saboda haka a mafi yawan ƙira sai an raba ƙafa ɗaya da aksil da roba, in ba haka ba wuta ta haɗu komai ya tsaya. A jirgin gaskiya kuwa wannan haɗuwar ake so. Ana sakin 'yar wuta a dogo, da zarar jirgi ya shigo, ƙafafunsa da aksil su haɗa dogo biyun, fitilar da ke bayansa ta koma ja domin kada wani ya biyo. Tun 1872 ake amfani da wannan dabara.

Jirgin wasa in ya kauce, hannu ake sawa a ɗora shi. Na gaskiya kuwa ƙafarsa na cinyewa kullum, birki in ya riƙe ta tana jan ƙasa sai ta yi tabo a shafe, ka ji tarago na tafiya yana gwaf-gwaf. Dole lokaci-lokaci a kai ta kan injin gurza a sake fitar mata da fuska da leɓe, kuma kowace gurza rage mata girma take yi har ta kai iyakar da za a jefar da ita. A da akwai ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne bin jirgi a tasha da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu, mai lafiya ta yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga ta yi dum. A ranar 3 ga Yuni 1998, a garin Eschede na Jamus, zoben ƙarfen da ke kewaye da ƙafa ɗaya tak ta wani jirgi mai gudun kilomita 200 a awa ya tsage. Ƙafar da sabuwarta milimita 920 ce, an ci ta har ta dawo 862. Jirgin ya kauce ya daki ginshiƙin gada, gadar ta rufto, mutum 101 suka rasu.

Milimita 368

Yanzu mu dawo gida. Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin Sekondi a 1898, ya isa Tarkwa a 1901, ya shiga Kumasi a 1903, na Ankara kuma ya haɗu da Kumasi a 1923. Sun zaɓi faɗin milimita 1,067, wato inci 42, saboda ya fi arha kuma yana shan kwana a daji da tudu. Zinariya da koko suka kawo shi, amma mu ma ya juya mana tarihi. Goron da fatake ke ɗauka a kan jakuna ta Salaga watanni kafin su isa Kano, sai ya koma bin jirgi zuwa bakin teku, ya hau jirgin ruwa zuwa Legas, daga can ya sake hawa dogo zuwa Kano bayan layin ya isa can a 1911. Zangunanmu da dama na kudu a wannan zamani suka cika. Nijeriya da Sudan ma faɗin nan na 1,067 aka yi musu.

Maƙwabtanmu kuwa, Togo da Kwaddebuwa da Burkina Faso, layinsu mita ɗaya ne cif, haka Binin da Kamaru. Tsakaninmu da su milimita 67, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya isa ya hana taragon Gana taka layinsu ko da an haɗa. Ƙafafu a matse suke a aksil, ba a buɗa su ba a tsuke su.

Sabon layin Tema zuwa Mpakadan, mai tsawon kilomita 97, an yi shi ne a kan milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma irin wanda alhazanmu ke hawa tsakanin Makka da Madina tun 2018. Ya fi tsohon layinmu faɗi da milimita 368. Ma'ana, duk wani kan jirgi da tarago da muka gada ba zai hau shi ba, kuma sabbin jiragen da aka sayo daga Folan a 2024 ba za su iya bin tsohon layin Kumasi ba. A kan tebur, a ma'aunin HO, sabon layin 16.5 ne tsohon kuma 12, tazarar milimita huɗu da rabi, kuma ko a nan ba a iya yi wa awo wayo. Leɓe ana iya ƙara masa zurfi, jiki ana iya ƙara masa girma, amma faɗin layi da tazarar ƙafafu sai sun yi daidai.

Ba na adawa da faffaɗan layi. Kusan duk masu ƙera jirage a duniya a kansa suke aiki, kayan gyaransa sun fi samuwa, kuma in ana son wata rana a haɗa Tema da Wagadugu gara a yi a kan awon da kowa ya yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da ake yawan yi a majalisun hira cewa sirantar layi ce ta kashe reluwen Gana. Afirka ta Kudu layinta 1,067 ne irin namu, kuma a kansa take jan taragu 342 na ƙarfen ƙasa a jirgi ɗaya daga Sishen zuwa Saldanha, tafiyar kilomita 861. A kansa suka fara aiki da kan jirgin gawayi mai ƙafa inci 72 a 1935, kuma a kansa wani kan jirginsu na lantarki ya yi gudun kilomita 245 a awa a gwajin 1978. A jihar Kwinslan ta Ostireliya jirgin fasinja ya yi 210 a 1999 a kan wannan faɗi. Japan kuwa, in ka cire jiragenta masu tsananin gudu da ta fara a 1964, galibin miliyoyin da ke zuwa aiki kullum a kan siririn layi suke tafiya.

Abin da ya kashe namu a fili yake. Katakon ƙarƙashin dogo ya ruɓe ba a canza ba, ƙafafu sun cinye ba a gurza ba, kaya sun koma kan tirela, 'yan kasuwa sun baza hajarsu a kan layi a Kumasi da Ankara, masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya sun rarake ƙarƙashinsa a yamma, ɓarayi kuma sun yanke ƙarfen sun sayar a kilo. Wannan na ƙarshe ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa, tunda 'yan'uwanmu da yawa suna cin abinci a sana'ar tsohon ƙarfe, kuma mafi yawansu halal suke nema. Duk wanda aka kawo wa guntun dogo ya san dogo ne, ba ya kama da komai. In aka yi wa sabon layi irin riƙon da aka yi wa tsoho, faɗinsa ba zai cece shi ba.

Sai maganar da ta fi damuna a matsayina na mai hulɗa da matasa. Layi iri biyu na nufin kayan aiki iri biyu da ma'aikata masu sanin duka biyun: mai gurzar ƙafa, mai auna leɓe, mai walda, mai duba faɗin dogo, mai gyaran fitilun hanya. Tsoffin da suka koyi aikin a babban garejin reluwe na Sekondi suna ƙarewa. Tsohuwar makarantar horar da ma'aikatan reluwe da ke Essikado yanzu tana ƙarƙashin jami'ar ma'adinai da fasaha ta Tarkwa, ana koyar da aikin injiniya a cikinta. Yaranmu nawa ne suka san da ita? Muna da matasa a Suame Magazine da Kokompe waɗanda za su kwance injin mota su ɗaura da ido rufe, amma a ba su takardar zane mai lambobi sai su tsaya, domin an koya musu aiki da ido da kunne, ba a koya musu da ma'auni ba. Aikin jirgi kuwa ba ya karɓar "ya yi kusa".

A nan ne nake ganin wasan dattawan Turai zai yi mana amfani, ba sai mun sayi jirgin Märklin da kuɗin waje ba. Ƙungiyoyin matasa da makarantun Islamiyya da ke shirya karatun hutu za su iya ware yamma ɗaya a mako, a samo rula ta ƙarfe da ma'aunin nan mai baki biyu da masu gurzar ƙarfe ke amfani da shi, a tara yaran da suka iya motar gwangwani, a kai su inda tsohon tarago ke ajiye, da izinin masu kula da wurin, su auna shi da kansu: tsawonsa, faɗinsa, girman ƙafarsa, tazarar da ke tsakanin aksil da aksil. Sannan a dawo a ce kowa ya raba ya ƙera, a kuma auna abin da ya ƙera a gaban kowa. Yaron da ya raba 838 gida 87 ya ga ƙafar ta zauna daidai a ƙarƙashin taragonsa, ba zai sake tambayar malami amfanin lissafin rabawa ba.

Ga masu son gwadawa, HO ya yi ƙanƙanta ga gwangwani da almakashi. Mutanen Niyu Zilan, waɗanda layinsu na gaskiya 1,067 ne kamar namu, sun daɗe da samun mafita: suna raba jirginsu gida 64, wanda ke ba da faɗin layi milimita 16.7, sai su ɗora shi a kan layin 16.5 da ake samu a ko'ina. Wanda yake son abin da hannu zai fi kamawa ya ninka, ya raba gida 32. Tsohon layinmu zai zama milimita 33, sabon na Mpakadan 45, ƙafa mai inci 33 kuma ta zama milimita 26, kusan faɗin murfin kwalbar lemo.